Kada Ku Share

Na yi shekaru ina aiki a wata mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, da ke bayan Vénissieux kusa da Lyon a Turai, can inda dogayen benaye ke ƙarewa masana'antu su karɓa. Mangazar ta wata ƙungiyar agaji ce, amma gwamnatoci ne ke cika ta, ta ƙasar nan da na maƙwabtanta. Aikina tuƙa 'yar motar nan mai ƙaho biyu da ke ɗaga kaya ta ajiye. Tamfol ne da barguna da bokitai da gidajen sauro da tukwane, an ɗaure su a kan katakai, an naɗe da leda, an jera har kusa da rufi. Suna nan suna jiran ranar da ruwa zai ci wani gari, ko ƙasa ta girgiza ta danne mutane. Shef ɗinmu, wato shugaban wurin, yakan zaga da baƙi masu kwat yana nuna musu da alfahari, yana cewa ga shiri nan. Ni dai ban taɓa ganin shiri a wurin ba. Kayan zaman makoki nake gani, waɗanda aka tanada tun mai su yana yawo da ƙafarsa. Amma abincina a wurin yake, sai na kama bakina.

Garinmu yana bakin gulbi, ba nisa da Maradi. Da rani gulbin rairayi ne zalla, mata na shanya kuɓewa a cikinsa, jakuna na birgima. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, ya zo da itatuwa da mushen awaki daga inda ba mu sani ba. Abin da ya raba shi da mu shi ne datsi, wani dogon tudun ƙasa da aka yi tun ban yi wayo ba. Gidan Inna, mahaifiyata, shi ne na uku in ka sauko daga datsin. Mahaifinmu ne ya gina shi da hannunsa, a cikinsa ya rasu, Inna kuma ta rantse a cikinsa za a yi mata wankan ƙarshe. Yayana yana da gida a kan tudu, ya yi fama da ita ta koma wurinsa har ya gaji ya bari.

Inna mace ce mai tsabta har ta kai ga fitina. Kafin rana ta fito ta share tsakar gida, ta share ƙofa, ta yayyafa ruwa. Ko maƙwabciya ba ta taɓa ganin kanta ba kallabi ba. Muna yara, in aka yi sallama muka fito gaban baƙo da ƙafa furu-furu, ba za ta ce komai ba sai ya tafi, sannan kunnenmu ya gaya mana. Ni ne autanta, kuma da Auta take kira na har yau da furfura a gemuna.

Akwai wata kwana da gulbin ke yi daidai unguwarmu, a nan yake dukan datsin. Kowace damina sai ya ci gindinsa kaɗan. Wata shekara Yaya ya aiko mini hoto a waya. Ya shiga ramin da ruwa ya ƙwaƙule a ƙarƙashin datsin, ya miƙe tsaye, hularsa ba ta taɓa sama ba. Ruwa ma ya fara tsatsowa ta ƙasa, ya bar shaida a katangar bayan gidan Inna har zuwa ƙugu. Kowa a garin ya san maganin abin: a kawo duwatsu a ɗaure cikin ragar waya a jera a kwanar, katafila ta zo ta danne ƙasa. Wannan kuwa ya fi ƙarfin kwando da fartanya.

A mangaza na ji labarin akwai kuɗin rigakafi, wanda ake ba da shi don a hana ɓarna tun ba ta zo ba. Wani ofishin gwamnati a Paris ke riƙe da shi, kuma ƙungiyoyin baƙi mazauna ƙasar na iya nema wa garuruwansu. Muna da ƙungiyar 'yan garinmu. Shugabanmu wani Alhaji ne ɗan kasuwa da ke zaune a Bobigny, gefen Paris, yana aika tsofaffin firij da kekunan ɗinki gida. Mutum ne mai haƙuri kamar ba shi da zuciya, ni kuma an san ni da akasin haka. Mu biyu muka zauna a shagonsa, tsakanin firij da firij, muka rubuta dosiye, wato takardun neman taimakon. Sau uku ana dawo mana da shi. Na farko wai ba a kan takardarsu muka rubuta ba. Na biyu wai ba mu faɗi yadda aikin zai amfani mata ba, sai ka ce ruwa in ya zo yana tsayawa ya tambayi wane ne namiji. Na uku wai sun canza takardar. Ranakun hutuna duk a jirgin ƙasa suka ƙare, tsakanin Lyon da Paris.

Daga ƙarshe aka ba mu rana. Wadda ta karɓe mu wata mata ce siririya mai fara'a, da tabarau rataye a wuya. Madam muke ce mata. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta ba mu kujera, ta ba mu kofi, ta saurare mu har ƙarshe. Sannan ta jawo takarda ta zana akwati biyu. Ta ce kuɗinsu aljihu biyu ne. Na rigakafi ƙarami ne, sau ɗaya ake buɗe shi a shekara, sai ƙwararru sun je sun gani, sai kwamiti ya zauna ya auna garinmu da wasu garuruwa a ga wanda ya fi kusa da halaka. Na gaggawa kuwa babba ne, minista da kansa ke buɗe shi, cikin 'yan kwanaki kaya sun tashi.

Na ce, "Madam, wato in datsin ya fashe, taimako na nan a shirye."

Ta yi murmushi ta ce, "Ba haka zan faɗa ba."

"Ni dai haka na ji."

Alhaji ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya yi mata doguwar godiya, ya fito da ƙunshin kilishi daga jaka ya ajiye a gabanta. Ta ce doka ta hana ta karɓa. Muka fito da kilishinmu, a tashar jirgi muka cinye shi.

Bayan wata biyu ko uku Madam ta kira ni. Ƙwararrunsu za su zaga yankinmu, kuma an sa garinmu a hanyarsu. Ina cikin tiram, jirgin nan na cikin gari, lokacin, murna ta sa na sauka a tashar da ba tawa ba na kira Yaya. Ko gaisuwar kirki ban bari mun yi ba.

"Yaya, an dace. Turawan za su zo da kansu su ga datsi."

"Alhamdu lillahi! Yaushe?"

"Nan da sati biyu. Manyan baƙi ne, Yaya, daga gwamnati. Ku tarbe su yadda ya kamata. Don Allah kada ku ba mu kunya."

"Haba, ƙanena. Mu za ka hwaɗa ma tarbon baƙo?"

Maganar nan tawa ita ta ci gidan Inna. Na juya ta ta kowace fuska shekara da shekaru, ban samu inda zan raɓe ba. Duk garinmu ni kaɗai na zauna da mutanen ofis, na san abin da idonsu ke nema. Amma a ranar na manta da duk wannan, na yi magana irin ta ɗan da Inna ta raina.

A garinmu baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. In za ka yi baƙo, ko jiya ba ka ɗora tukunya ba, sai an share ƙofa, an aro tabarma mai kyau, an kama kaza. In ya tambaye ka ya gida, ka ce sai godiya, ko da rufin ɗaki na zuba a kanka. Da haka aka raine mu, kuma har gobe ban ga laifin abin ba. To mai gari ya ji manyan baƙi na tafe daga Turai, ya sa aka yi shela, aka kira gayya. Kwana huɗu gari na aiki. Maza suka yi ta jidar ƙasa da kwanduna da amalanke suna zubawa a ramin nan na gindin datsi har ya cika. Mata suka bi da ruwa da madaɓi suka daɓe shi sumul kamar tsakar ɗaki. Aka share hanya tun daga bakin kwalta, aka shafa wa duwatsun gefenta farar ƙasa. Katangar Inna mai shaidar ruwa, Yaya da kansa ya yaɓe ta, don tana kallon hanyar da baƙi za su bi. Ba wanda ya yi niyyar ɓoye komai. Abin kunya ne kawai baƙo ya zo daga nesa ya tarar da rami.

Baƙin sun iso bayan azahar cikin fararen motoci masu sanyi, sun tafi da la'asar. Tsakiyar rani ne, gulbi ko ɗigon ruwa babu. An yanka musu rago, an dama fura. Inna ta ɗaura atamfar da na aika mata da salla, ta zauna cikin dattawan mata. Suna cikin ci ɗaya daga cikin baƙin ya tambayi mai gari ta bakin tafinta ko gulbin na damun su. Mai gari ba zai kawo kuka ga baƙo da loma a bakinsa ba. Ya ce sai godiyar Allah, muna iyakar ƙoƙarinmu, za ku ga ma aikin da muka yi da hannunmu. Suka rubuta. Aka hau da su kan datsi suka ɗauki hotuna, suka shiga mota. Da yamma Yaya ya kira ni yana dariya, ya ce, "Mun hidda ka kunya. Sun tahi suna ta yabo." Ni ma, sakarai, na taya shi dariya.

Sai da hadari ya fara haɗuwa a gida Madam ta sake kiran mu Paris. Ta juyo mana na'urarta tana nuna hotuna: datsi sumul, hanya fes, mata cikin kwalliya, ga Inna a tsakiya tana murmushi. Ta ce ƙwararrun sun ji daɗin garinmu ƙwarai. Sun rubuta cewa al'umma ce mai haɗin kai, mai iya kula da kayanta da kanta, har sun ba da shawara a riƙa ba da misali da mu. Saboda haka kuɗin bana an ba garuruwan da suka fi mu rauni.

Na ce, "Madam, ƙasar nan da kike gani kwalliya ce. Saboda baƙi aka zuba ta. Ruwan farko zai wanke ta."

"Me zai sa su rufe abin da suka kira mu mu gani?"

"Saboda ku baƙi ne."

Ta dube ni, ba ta gane ba, kuma da gaske ba ta gane ba. Na nuna mata hoton Yaya a cikin rami. Ta ce hoton na cikin dosiye, sun gan shi, shi ya sa ma suka yaba da gyaran da aka yi. An sa wa rahoto hannu, kwamiti ya tashi, sai baɗi.

A nan na fashe. Na ce duk ƙwararrun nan naku ba wanda ya soka ko sanda a ƙasar ya ji taushinta? Sun zo duba gulbi a watan da babu gulbi, sun yi zaman da bai isa a dafa wake ba, sun ci ragonmu, sun dawo sun rubuta mun ƙoshi. Na ce ku ba ku iya ganin mutum sai yana kwance. Muryata ta tashi har wani ya leƙo daga ofishin kusa. Madam ta tattara takardunta ta ce ta fahimci damuwata. Na tsani wannan magana tasu har yau, ita suke faɗa in sun gama da kai. Alhaji kuwa ya miƙe ya ba ta haƙuri, ya yi godiya, har ya yi wa iyalinta addu'a.

A tashar jirgi na juya kansa.

"Alhaji, godiyar mi kake yi mata? An hana mu, kana godiya?"

Ya bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ya ce, "Malam, ni tambaya guda gare ni. Wa ya kira gida ya ce a tarbi baƙi?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"To. Kai da ka san su ka mance, su da ba su san mu ba, mi kake so su yi?"

Na hau jirgin Lyon. Haushin Alhaji nake ji, da na mai gari, amma wanda ya fi cin raina nawa ne. Duk da haka ban wanke ofishin ba, kuma ba zan wanke shi ba. Su suka ɗora wa kansu aikin auna wahalar mutane, ba wanda ya roƙe su. Shekara nawa suna shiga ƙasarmu suna fita, suna cin abincinmu, a ce har yanzu ba su san muna share wa baƙo ba?

Da na gaya wa Yaya, sai ya ce, "Wato da mun bar garin da ƙazanta, da sun ba mu?" Na ce da sun ba mu. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya kashe wayar. Mu 'yan ƙungiya muka haɗa abin da ya sawwaƙa aka sayi buhuna, aka cika da rairayi aka jera a kwanar. Kowa ya san buhu ba dutse ba ne.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Kullum ina kan waya. Na roƙi Inna ta koma tudu ko na wata biyu ne, ta ce, "Auta, Turawa ma sun gani da idonsu sun ce datsin lahiya lau yake. Kai ka hi su ilimi?" Abin da suka bar mana ke nan. Sun zo sun tabbatar wa tsohuwa kwalliyar da muka yi musu.

Wata Talata da hantsi ina kan motar ɗaga kaya, waya ta yi ta motsi a aljihuna. An hana mu ɗauka a bakin aiki, na ɗauka. Yaya ne yana haki, a bayansa ihu da kukan awaki. Datsi ya tafi, daidai kwanar, daidai inda aka daɓe. Ya goyo Inna, ruwa har ƙirjinsa, ya kai ta lakwal, makarantar bokon da ke kan tudu. Ba a rasa rai a gidanmu ba. Gidan kuwa na ƙasa ne, kafin la'asar ya narke. Ɗakin mahaifinmu, da rumbu da ɗan hatsin da ya rage, da tasoshin aurenta da take jerawa tun kafin a haife ni, duk gulbi ya wuce da su.

Daga nan na ga saurin da ban san suna da shi ba. Mutanen da suka shekara suna dawo mana da takarda, cikin 'yan kwanaki sun buɗe babban aljihu. Ambaliyar ta ci garuruwa da yawa a yankin, an nuna ta a talabijin, minista ya fito da fuskar jimami. Mangazarmu ta ɗauki zafi. Aka kawo 'yan jarida su ɗauke mu muna lodi. Aka ba mu takardu masu tuta mu manna a jikin kowane ɗauri, ta kowace fuska, yadda duk inda mai hoto ya tsaya tutar za ta fito. Ni na ɗaga katakan da aka rubuta sunan yankinmu a kai, ni na shigar da su kamiyo, babbar motar kayan da za ta kai su filin jirgi. Tamfol ɗin nan na san shi, na daɗe ina kakkaɓe masa ƙura. Ashe duk lokacin da nake zirga-zirgar Paris da dosiye, yana nan a bayana yana jiran uwata.

Shef ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Don irin wannan rana muke nan." Ya san garinmu ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Na cije leɓe na juya motar, don kada in yi abin da zai raba ni da aikin. Ban san kuɗin jirgin da ya kwashi kayan ba, amma ba sai ka yi lakwal ba za ka san ya fi duwatsun da muka roƙa. Sai dai dutse ba a manna masa tuta, ambaliyar da aka hana kuma ba mai nuna ta a talabijin.

Kayan ba za su ishi kowa ba, don haka aka ce wata tawaga za ta bi sansani-sansani ta rubuta waɗanda suka fi buƙata. Ranar Lahadi da rana Yaya ya kira ni, ina ɗakina a unguwar Minguettes.

"Gobe baƙi za su zo lakwal. Mata sun hwara shara. Inna ta sa an aro mata zane wajen matar liman, ta ce ba ta tarbon baƙi da na jikinta."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "Yaya, ka ce su aje tsintsiya."

"Mi?"

"Kada ku share. Kada ku kwashe komi. Taɓon ga da ƙudan ga, ku bar su inda suke. Kada a yanka ko kaza. In sun tambayi mai gari, ya ce mun mutu mun lalace. Ba ni Inna."

Ta karɓa da gaisuwarta ta kullum, ya aiki, ya sanyi, ko ina cin abinci. Mace a filin makaranta ba gida ba rumbu, ni take tambaya ko na ci.

"Inna, zanen da anka aro, ki maida."

"Don mi?"

"Ki zamna da wanda ruwa ya hiddo ki da shi. Kada ki wanke ƙahwa. In sun gaishe ki, kada ki ce lahiya lau."

"Auta, baƙo ya zo ya iske ni haka?"

"Haka nike so su gan ki."

Ina jin kukan jarirai a bayanta, da wata tana kiran 'yarta. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji kamar in ce ki bari, Inna, ɗaura zanenki. Ban faɗa ba, don na riga na ga ma'aunin da za a auna ta da shi.

Ta ce, "To." Ta miƙa wa Yaya wayar.

Sun samu. Tamfol, da bargo, da bokiti, da tukunya, sunanta a sahun farko. Yaya ya ce baƙin sun daɗe a wurinta.

Da shekara ta zo ƙarshe aka shirya taro a mangaza don gode wa masu ba da kuɗi. Aka sa mu share wurin kwana biyu, muka ɓoye karyayyun katakai a baya, muka jera kujeru. Ashe su ma suna share wa baƙi. Ranar taron na shigo da safe na tarar an rataya wani ƙaton hoto a bangon da ke kallon ƙofa, tsayinsa ya fi mutum biyu. Inna ce. Tana zaune a kan kifaffen turmi, taɓo ya bushe mata har ƙwauri, zanen da ta tsira da shi ya yage a gefe, wani tsumma a kanta. Ba mai hoton take kallo ba, ƙasa take kallo. A bayanta shuɗin tamfol ne, tuta ta fito sarai.

Na je wurin shef na ce a sauke, uwata ce. Ya kaɗu, ya ba ni haƙuri, ya shiga ofis ya fito da wata takarda: Inna ta dangwala yatsa ta yarda a ɗauki hotonta. Ya ce hoton ba nasa ba ne, daga sama aka aiko, an riga an buga shi a rahoton shekara, masu ba da kuɗi sun so shi ƙwarai. Ya ce zai tambaya. Har yanzu yana tambaya.

Madam na cikin baƙin. Ta gane ni, ta taho da kofi a hannu ta ce, "Ka ga ba mu manta da garinku ba."

Na nuna mata bangon. "Kin san ta?"

Ta ce a'a.

"Ke kika nuna mini ita a ofishinki, da atamfa, tana murmushi. Ranar kuka ce ba ta buƙatar komai."

Ta dubi hoton, fuskarta ta yi ja. Ta ce yanzu garinmu ya shiga sahun masu haɗari sosai, in muka sake nema dosiyenmu zai yi ƙarfi. Na ce, "Wato mun ci jarrabawa." Na bar ta tsaye da kofinta.

Mun sake nema ɗin. Kafin kwamiti ya zauna gwamnatinsu da tamu suka ɓata, aka rufe ƙaramin aljihu gaba ɗaya. Babban kuwa, an ce, ba ya rufuwa, don shi na jinƙai ne, ba ruwansa da siyasa. Datsi na nan da giɓinsa. Inna ta ƙi tudu, sai Yaya da 'yan unguwa suka tayar mata ɗaki guda a tsohon gurbin gidan, suka rufa shi da tamfol ɗin.

Ban gaya mata maganar hoton ba. Amma Alhaji ya gan shi a rahoton, ya gaya wa matarsa, magana ta kai gida. Wata rana da hutun tsakar rana na kira ta, ina zaune a kan katako a gindin bangon nan. Muka gaisa, ta tambayi sanyi, ta tambayi abinci. Sannan ta ce:

"An ce hotona ya kai wajenku."

"Ya kai, Inna."

"Babba, anka ce."

"Babba ne."

"Ya yi masu?"

Na ɗaga kai na dubi ƙafafunta da taɓon da ni na hana ta wankewa. Na ce, "Ya yi masu."

"To madalla. Gulbi na nan, datsi babu. In sun tashi dawowa ka hwaɗa mini da wuri, Auta, kada in yi wanka."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma da wasa ba. Shef ya leƙo yana kira na, wai kamiyo ya iso da sabon tamfol, a jera shi kafin damina.